Layin Yakuwar Uwaliya

Ranar da Gwaggo Uwaliya ta fita takaba a Rabah, ba ta jira baƙi sun watse ba ta ce a kai ta Wurno ta ga gonarta. Ruƙayyatu ce ta rako ta, ita ta riƙe mata ƙunshin kaya a mota, kuma tun daga tasha har bakin fadama ba ta ce uffan ba. Gwaggon ta ɗauka gajiya ce.

Gonar ta gado ce, tsakaninta da yayanta Alhaji Maccido, mahaifin Ruƙayyatu. Da aka raba, shi ya ɗauki kashi biyu na gabas, ita ta ɗauki ɗaya na wajen kanal, magudanar ruwan noman rani. Ba su taɓa kafa turke ko dutse a tsakani ba. A gidansu abin kunya ne a ga 'yan ciki ɗaya sun kafa iyaka kamar baƙi. Abin da Uwaliya ke yi shi ne, duk damina sai ta shuka yakuwa a jere daga bakin hanya zuwa ƙarshen gonar. In an tambaya a ce ta miya ce. Kowa kuwa ya san inda yakuwar ta tsaya, nan ƙasar Maccido ta tsaya.

To, da suka iso, babu yakuwa. Tarakta ta bi ta kan komai, an ja fangalin albasa daga gabas har bakin kanal a miƙe, ba tsayawa. Jelani, ƙanen Ruƙayyatu, yana tsakiya da manjagara a kafaɗa. Ya taho ya durƙusa ya gaida gwaggonsa, ya yi mata barka da fita.

Ta amsa, sannan ta ce, "Jelani, ina yakuwata?"

"Baba yac ce a haɗe, Gwaggo. Wai don ruwa shi gudana daidai."

"Da can ba shi gudana?"

Jelani ya sosa ƙeya, ya dubi yayarsa ko za ta cece shi. Ruƙayyatu ta kafa ido a kan takalminta. Uwaliya ta daɗe a tsaye tana kallon inda layin yake a da, sannan ta gyara mayafi ta ce, "To, ba komi. Mu tahi gida, rana ta yi."

Ruƙayyatu ta san abin da ya faru tun kafin su zo, domin a gabanta ya wuce. A Goronyo take aiki, a ofishin da ke rajistar gonakin noman rani, can take kwana wurin dangi, sai ƙarshen mako ta dawo gida. Yadda aikin yake, ma'aikata kan fita da wata 'yar na'ura mai kama da waya. Mai gona ya shiga gaba yana taka iyakarsa, ma'aikaci na biye, na'urar tana ajiye ɗigo a duk inda aka taka. In aka dawo inda aka faro, ɗigon nan sun haɗu sun zama kewaye. A ofis sai a juye su cikin rumbun bayanai na kwamfuta, a ba kowane kewaye lamba, da sunan mai shi, da faɗinsa, da kanal ɗin da yake sha. Taswirori ne a shimfiɗe kan juna kamar tabarmi, ta ruwa daban, ta hanyoyi daban, ta gonaki daban. Bayan nan duk abin da ake so sai a tambayi kwamfuta. Waɗanne gonaki ne ke shan wannan kanal? Wa za a ba taki, buhu nawa ya kamace shi? Ta lalubo ta faɗa. Amma tana da ƙa'ida: kewaye ɗaya, suna ɗaya. Wanda kuma ya taka iyaka, sunansa ke hawa.

Da masu awo suka zo fadamar Wurno a ƙarshen damina, Uwaliya tana Rabah a cikin ɗaki, ba ta da halin fita. Maccido ya shiga gaba. Ya zagaye nasa da nata a tafiya ɗaya.

Ruƙayyatu ta ga kewayen ranar da aka juye shi. Ta gane siffar gonar kafin ta karanta sunan. Kuma ta ga wani abu da ba kowa zai kula da shi ba. A gefen hanya, daidai inda yakuwa ta faro, layin ya karya ya shiga cikin gonar kaɗan, ɗigo ya taru wuri ɗaya kamar inda mutum ya tsaya, sannan ya dawo da baya ya ci gaba da zagaye. A ofis suna kiran irin wannan wutsiya. Mahaifinta ya fara bin layin yakuwa, ya tsaya, ya fasa. Na'urar ba ta san dalili ba, ta dai ajiye.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ita ce 'yar fari, Alhaji ko sunanta ba ya kamawa, ɗiyar Uwaliya yake ce mata, domin tun daga yaye gwaggon ce ta goya ta, ta raine ta a Rabah har ta shiga sakandare. Uwaliya ba ta taɓa haihuwa ba. Ruƙayyatu ta riƙa gaya wa kanta cewa kuskure ne, Baba zai gyara da kansa.

Mako guda bayan dawowar Uwaliya Wurno aka yi rabon taki da iri a makarantar firamare. Uwaliya ta tafi da buhunta a naɗe kamar yadda ta saba, ta shiga layin mata. Da aka zo kanta, mai rabo ya danna sunanta a kwamfutar cinya, ya sake dannawa.

"Inna, babu sunanki."

"Duba da kyau, ɗana. Uwaliya, ta gidan Maccido. Gonata na bakin kanal."

Ya buɗe taswira ya nuna mata da biro. "Wagga ta? Ta Alhaji Maccido ta, duka. An ma kwashi takinta da sahe."

Matan da ke bayanta suka dubi juna. Wata ta ce a hankali, "Ko an yi mantuwa na." Uwaliya ta yi murmushi ta ce, "Awo, na tuna. Yaya yac ce zai amso mani. Tsuhwa ta." Ta naɗe buhunta ta fita daga layin.

Inna Habi, mahaifiyar Ruƙayyatu, ita ta ba ta wannan labari ranar Juma'a a bakin murhu, ta ƙare da cewa, "Ni dai ba ni shiga tsakanin 'yan uwa. Gobe su shirya, ni ta bare."

Da yammar ranar, Ruƙayyatu tana wanke kwanuka a bayan zaure ta ji gwaggonta ta yi sallama ta shiga wurin Alhaji. Ba ta yi niyyar saurare ba, amma ba ta tashi ba.

"Yaya, an ce babu sunana."

"Wa yac ce? Na'ura ta, ba ta ɗaukar suna biyu. Ni niy yi ta?"

"A'a."

"Kina takaba. So kike in jawo ki cikin maza ki taka gona, mutane su ce mi? Na ruhwa maki asiri na. Suna kawai na a kwamfuta, gona tana nan inda kinka bar ta, ba wanda yaɗ ɗauke ta a kai."

"To, in dasa albasata bana?"

"An riga an ja hwangali. Ki bari sai bayan girbi mu zauna. Mi ma za ki yi da wahalar albasa, tuwo na iske ki har ɗaki?"

Uwaliya ta ce, "Gaskiya ta, Yaya. Allah shi saka." Ta fito ta wuce Ruƙayyatu ba ta dube ta ba, ita ma Ruƙayyatu ta duƙar da kai tana cuɗa kwanon da ta riga ta wanke.

Da ta sake dawowa wani makon, ta tarar an sauya wa gwaggon ɗaki. Wanda aka sauke ta ciki da farko yana da ƙofar ƙarfe, sai Jelani ya ce nan ne kawai za a iya kulle buhunan taki da injin ban ruwa, saboda ɓarayi. Aka mayar da ita tsohon ɗakin girki, kusa da turken awaki, inda hayaƙin shekaru ya baƙanta rufi. Ruƙayyatu ta leƙa ɗakin mai ƙofar ƙarfe ta ga buhunan a jere. Ta san a cikinsu har da na kashin bakin kanal, domin kwamfuta da faɗin kewaye take lissafi.

Tuwon da ke iske Uwaliya har ɗaki ma ya fara zuwa da magana. Ba wanda ya hana ta abinci. Sai dai in ta nemi sabulu, a ce a jira Alhaji. In ta nemi man zafi don gwiwarta, Inna Habi ta ce gidan nan baki sun yi yawa bana. Mace ce da ta saba sayar da albasarta a kasuwar Goronyo ta yi wa kanta sutura, ta yi biki, ta ba yara na kashewa. Yanzu ko goro sai ta roƙa. Ba ta iya roƙo ba, sai ta daina cin goro ta ce haƙori ne.

Daga nan ta shiga ƙungiyar matan da ke ƙwadago. Da sassafe su taru a bakin gari, a ɗebe su zuwa gonar duk wanda ya kira, su yi dashe ko cirar ciyawa, a sallame su da yamma. Ruwan kanal da safe sanyi gare shi kamar ya tsaga ƙashi. Ƙafafunta suka tsattsage, gwiwar ta kumbura. Da Alhaji ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ba irin ɓacin da Ruƙayyatu ta yi fata ba.

"Don ta kunyata ni ta ka yi," ya ce wa Inna Habi, da ƙarfi yadda za a ji a tsakar gida. "A ce ƙanwar Maccido na ƙwadago. Mi nir rage ta da shi?"

A ofis kuwa, Malam Yusha'u, shugaban ɗakin kwamfuta, ya tara su ya ce lokaci ya yi da za a rufe rajista. Za a aika bayanan sama a buga wa kowa takardar shaidar gonarsa. Kafin nan sai an share duk kurakurai: kewayen da bai rufu ba, wanda ya hau kan na maƙwabci, da masu wutsiya. In akwai ko ɗaya, rumbun ba ya karɓa. Ya raba musu yankuna, fadamar Wurno ta faɗo hannun Ruƙayyatu.

Ta jira sauran sun fita salla ta je teburinsa.

"Malam, in gona ta mutum biyu ta, anka sa ta suna ɗaya, yaya a ka gyarawa?"

"Kahin a ruhe, mai sauƙi na. Wanda sunanai ke kai shi zo, ɗayan ma shi zo, su tsaya a gonar, a taka layin tsakiya da na'ura, a yanka kewayen biyu. Bayan an ruhe kuwa, sai dai kotu." Ya cire tabarau ya dube ta. "Ta wa ta?"

"Ta wasu ta."

"To, ki gaya ma wasu su hanzarta. Kuma kada ki kuskura ki yanka da kanki, ana ganin wanda yat taɓa komi. Mu aikinmu layi na, Ruƙayyatu, ba rabon gado ba."

Ta buga taswirar gonar a takarda, ta faɗaɗa wurin wutsiyar har ɗigon suka fito ɗaya ɗaya. Takardar ta kwana a jakarta har Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya ci abinci yana zaune a zaure shi kaɗai, ta yi sallama ta durƙusa daga bakin ƙofa. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa fara yi masa magana ba sai da aike.

"Ɗiyar Uwaliya, lahiya?"

"Lahiya lau, Baba. Za a ruhe rajista. Sun ce in akwai gyara, yanzu na." Ta miƙa takardar da hannu biyu.

Ya karɓa ya juya ta, ya gane hanya, ya gane kanal. "To, ga gona. Mi ya samu?"

Ta matso da gwiwa, ta ɗora yatsa a kan wutsiyar. "Nan kat tsaya, Baba."

Ya daɗe yana kallon wurin. Ruƙayyatu ta ga babban yatsansa yana shafa gefen takardar. A waje wani mai rake yana ta kiran ciniki.

"Ƙaya ta soke ni a nan," ya ce.

Ruƙayyatu ta janye yatsanta daga takardar.

"Ko na'urar taku ta yi kuskure. Ba ku ce tana kuskure ba?"

"Tana yi, Baba."

"To." Ya ajiye takardar a kan buzu, ya kife ta. "Ke yarinya ta, ba ki san komi ba. Gwaggonki ba ta da ɗa. In ta hwaɗi gobe, wa ka gadonta? Ba ni ba? Abin da zai dawo gidan ga ko ba daɗe, mi na na amhwanin a yanka shi a kwamfuta? Jelani na da iyali tahe. Na sa ki makaranta, na bari kina aiki cikin maza mutane na zagina, yau ke ka kawo man takarda."

"Ka yi haƙuri, Baba. Taka layin kawai za a yi, ku biyu."

"Na ce bayan girbi."

"Kahin girbi an ruhe."

"To, Allah yas so haka. Tashi ki ba ni wuri."

Ta ɗauki takardar ta fito, fuskarta na zafi kamar ita ce aka kama da abin wani. Ta nufi tsohon ɗakin girki. Uwaliya tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, tana shafa man kaɗe a tsagar diddige. Ruƙayyatu ta zauna kusa da ita, ta shimfiɗa takardar, ta yi mata bayani tun daga farko: na'urar, ɗigon, ƙa'idar suna ɗaya, ranar rufewa. Ta ce mata in ta je gaban alƙali da wannan, da shaidun da suka san yakuwar, za a saurare ta. Ta ce ita da kanta za ta tsaya ta yi bayani.

Uwaliya ta goge hannu a zane, ta ɗauki takardar ta kai kusa da ido.

"Wagga 'yar ƙugiya, Yaya na?"

"Shi na, Gwaggo."

"Ya shiga layina kenan."

"Ya shiga, ya tsaya, ya komo."

Tsohuwar ta bi ɗigon da farce a hankali, ta shiga, ta tsaya inda suka taru, ta dawo. Ta yi hakan sau biyu. "Ashe ya tuna," ta ce. Ruƙayyatu ta kasa gane ko daɗi ta ji ko ciwo.

"Wa ka ganin wanga abu?"

"Duk wanda ya buɗe. Shina nan har sai an goge shi."

"To, goge shi."

"Gwaggo."

"Goge shi, nic ce. In anka ce Maccido ya yi kuskure, ya zagaye gona bai sani ba, mutane na iya yarda. Wanga kuwa cewa shi ka yi ya sani. In tsaya gaban alƙali in nuna ma duniya inda ɗan uwana yat tsaya yay yi shawara da zuciyatai? Nono ɗaya munka sha. Shi yaɗ ɗauke ni a kahwaɗa ranar da ruwa yac ci garinmu. Kuma ke, ki tsaya ki ba da shaida a kan ubanki, wa zai aure ki a garin ga? Ban goya ki don haka ba."

"Gonarki ta, Gwaggo."

"Na sani." Ta naɗe takardar ƙanƙane ta tura ta ƙarƙashin tabarma, sannan ta canza shawara, ta ciro ta, ta miƙa mata. "Kada ki bar ta nan. Yara na shigowa."

Ranar rufe rajista, Ruƙayyatu ta gama duk gonakin fadamar Wurno ta bar ta gidansu a ƙarshe. Malam Yusha'u ya leƙo ya ce saura kuskure ɗaya a yankinta, ita ake jira. Ta buɗe kewayen. Ta zaɓi ɗigon wutsiyar, suka yi ja. Ta zauna tana kallonsu har allon ya dushe, ta motsa shi ya dawo. Sannan ta danna. Layin gefen hanya ya miƙe sumul, kamar ba a taɓa tsayawa a wurin ba. Kwamfuta ta rubuta cewa babu kuskure, an adana.

Kafin ta tashi ta yi wata tambaya da ba wanda ya sa ta. Ta ce wa rumbun ya nuna mata gonakin da sunan mace ke kai, ya shafa musu launi. Taswirar kwarin Rima ta buɗe daga Goronyo har Wurno, kewaye bila adadin, sai ga launin can da can, kamar gero da ya zube a hanya. Ta san matan da ke shiga layin taki sun fi haka nesa ba kusa ba. Sai kuma ta tuna makon nan kaɗai wutsiya nawa ta share a gonakin mutanen da ba ta sani ba, tana sauri, tana shan shayi, ba ta tambayi ko ɗaya dalilinta ba. Wata ƙila ƙaya ce. Wata ƙila akuya aka kora. Amma ba duka ba. Rumbun ba a gina shi da wurin da za a rubuta wadda take takaba ranar awo ba, ko wadda aka ce mata ta zauna a gida za a taka mata. Wanda ya taka, shi ya mallaka, kuma a ƙasar nan an san wanda ke takawa.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne yakuwar daminar da ta wuce ba a tsinke ta ba. Mai ita tana takaba, ta bushe a tsaye, 'ya'yanta suka fashe suka zube kafin tarakta ta zo ta binne su. Da aka saki ruwa a fangalin Jelani, aka yi dashe, sai ga ta ta tsiro. Jajayen kara ƙanana, a jere, daga bakin hanya zuwa ƙarshen gona, sun ratsa tsakiyar albasa. Masu wucewa kan babur suka fara rage gudu suna kallo.

Jelani ya aika a kawo masa matan ƙwadago su yi cira. Bai tambayi su wa ke cikin ƙungiyar ba. Ranar Asabar ce, Inna Habi ta ba Ruƙayyatu fura ta kai masa gona. Tun daga kan kanal ta hango matan a duƙe, kowace da fangalinta, sun bar layin tsakiya ba wadda ta taɓa. Mutum ɗaya ce a kansa. Uwaliya ce, zanenta a ɗaure sama da gwiwa, tana tafiya da jan ƙafa, tana tuge yakuwar ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a haɓar zane. Jelani yana can ƙarshen gona ya ba su baya, yana ta taɓa injin da ba abin da ya same shi.

Wata daga cikin matan ta ɗago ta ce, "Uwaliya, bar shi mana, ko don a gani."

"A ga mi? Ciyawa ta, tana cin takin yaro."

Ruƙayyatu ta tsaya da ƙwaryar fura a hannu. Ta kasa ƙarasawa, ta kasa komawa. Gwaggonta ta kai ƙarshen layin, ta miƙe da ƙyar tana dafe da ƙugu, ta waiwaya ta duba ko ta bar wani. Ba ta bar ko ɗaya ba.

Da yamma ta hana Inna Habi ɗora miya, ta ce yau ita za ta yi. Ta wanke ganyen, ta yanka, ta sa daddawa da ɗan busasshen kifin da aka sallame ta da shi. Ruƙayyatu ce ta kai akushi zaure. Alhaji yana tare da Jelani, ya wanke hannu, ya buɗe, ya yanki loma ya kai baki. Tsamin ya sa ya dakata.

"Ina anka samu yakuwa ɗanya da rani?"

Jelani ya sunkuyar da kai. Ruƙayyatu tana durƙushe a bakin ƙofa da butar ruwa, ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Ta gonarka ta, Baba. Gwaggo ta ciro."

Hannunsa ya tsaya a kan akushin, bai shiga ba, bai janye ba. Daga cikin gida suka jiyo muryar Uwaliya tana tambayar Inna Habi ko Yaya ya ce gishiri ya ji.